Masu Gano Inda Sabis Ya Maƙale

A rumfunan gyaran waya na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi akwai wani koke da ba ya ƙarewa. Mutum zai ajiye waya a kan tebur ya ce tun daren da ta sabunta manhajarta, ta mutu ta taso, ba ta ƙara hawa intanet ba. Wani ya ce ga sabis nan a cike amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Wani kuma waifai ne damuwarsa: jiya wayar tana kama na'urar shagonsa, yau ta yi kamar ba ta taɓa saninta ba. Dukkansu tun daga gida sun yanke hukunci cewa afdet ne ya lalata wayar, kuma abin da ya kawo su shi ne a yi mata fulashin.

Gwanin mai gyara ba ya yi musu gardama, ba ya kuma gaskata su nan take. Yana da tsarin wanda zai fara zargi da wanda zai bari sai daga baya, kuma a ganina wannan tsari shi ne sana'ar. Sukundireba da kwamfuta kowa zai iya saye.

A Kano ko Kaduna, idan waya ta nuna babu sabis, galibi matsalar tana jikinta ko jikin sim. A arewacin Zamfara ba lallai ba ne. Ƙarafan sabis da janareta da batir suke aiki, kuma motar da ke kai musu man dizal hanyoyin da kowa ya san halinsu take bi. Mai ya ƙare ko a lalata ƙarfe guda, sai gari ya wuni shiru. Mutanen yankin sun ma ga abin da ya fi haka. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu nata ranar 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai a ƙarshen Nuwamba gwamna ya ba da sanarwar a maido musu. Duk wanda ya riƙe rumfar waya a wannan tsakanin ya gani da idonsa cewa waya lafiyarta ƙalau tana iya yin wata da watanni tana nuna babu sabis.

Shi ya sa abin da mai gyara yake fara dubawa ba wayar da aka kawo ba ce, tasa ce. Zai leƙa ya ga ko layin kamfanin da ake kuka da shi yana aiki a gurinsa. Zai ɗaga murya ya tambayi mai POS na gefe, domin babu wanda ya kai masu POS sanin layin da ke tafiya a wannan sa'a da wanda ya kwanta. Idan guga ya fito babu ruwa, ko dai ya huje, ko igiya ba ta kai ba, ko rijiyar ce ta ƙafe, kuma mai hankali ba ya zama ɗinkin guga bai leƙa rijiya ba. Sau da yawa sabuntawar da ɗaukewar sabis lokaci ne kawai ya haɗa su, sai mai waya ya ɗora wa wanda ya gani da ido laifi.

Idan sabis yana nan a gari, sai a zo musanyar sim. Zai cire sim ɗin mai ƙorafi ya saka a wata waya, ya kuma ɗauki wani sim da ya tabbatar yana aiki ya saka a wayar da ake zargi. Minti biyu ya ishe shi ya raba gardama. Sim ya ƙi aiki a ko'ina, to matsalar layi ce. Ya yi aiki a wata waya, baƙon sim kuma ya ƙi a wannan, to lallai a jikin wayar gizo ke saƙa.

Yana wannan yana tambaya, da harshen gida: "Alhaji, yaushe tad daina? Mi kat taɓa bayan ta tashi? Kira na shiga?" Amsar kusan kullum guda ce, "Wallahi ban taɓa komi ba", amma tambayar ƙarshe ita ce mai nauyi. Idan kira yana shiga yana fita, ɓangaren da ke magana da ƙarfen sabis lafiya yake, abin nema yana wajen data. Kuma abu na farko a wajen data shi ne a duba ko akwai ta. Sabuntawar Android guda tana iya haura gigabait ɗaya, ga kuma manhajojin da za su bi bayanta su sabunta kansu. Mutum ya sayi data jiya da yamma, da safe ya tarar babu, ya rantse wayar ce ta lalace. Tun 2023 da aka daidaita lambobin kamfanoni, *323# ke nuna ragowar data a kowane layi, kuma gyare-gyare da yawa a nan suke ƙarewa. Idan kuwa kira yana shigowa amma ba ya fita, sai mai gyara ya tuna da batun NIN. Ranar 4 ga Afrilun 2022 aka fara hana layukan da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba yin kira, an kuma sake wani zagayen toshewa a 2024. Wannan ba aikin rumfa ba ne, sai ya nuna wa mutum hanyar ofishin kamfani.

Bayan an wanke ƙarfe, an wanke sim, an tabbatar da data, sai a shiga saiti, inda sabuntawa ke yin ɓarnarta ta gaskiya. Ba ta cika fasa komai ba. Abin da ta fi yi shi ne mayar da wasu zaɓuɓɓuka yadda suka zo daga kamfani. Wayoyin da suka cika hannun mutane a nan, Tecno da Infinix da itel, masu sim biyu ne, kuma bayan sun sake tashi sai ka tarar data ta koma kan sim ɗin da ba shi da ko sisi. Akwai kuma APN, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet ɗin kamfani. Idan ya goge ko ya canza, alamar 4G ba za ta fito ba ko da sabis ya cika. Gwani ya haddace su: na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat. Amma kafin ya rubuta da hannu, yakan fara danna maɓallin da ke maido da na asali.

Sai nau'in sabis. Waya za ta iya nacewa kan 4G mai rauni alhali a ƙauyen mai ita 3G ko 2G ne ke da ƙarfi. Saboda haka mai gyara yakan tambayi inda mutum yake kwana, ba inda yake tsaye yanzu ba. Wanda ya zo cin kasuwar Alhamis ta Shinkafi daga ƙauye, idan an gwada wayarsa a cikin gari ta yi aiki, ba a gama ba tukuna, domin can zai koma da ita. A ƙasar Zurmi da ke iyaka da Nijar akwai ƙarin wani abu: wayar da aka bari ta zaɓi kamfani da kanta tana iya kama sabis ɗin tsallaken iyaka, ta nuna shi a cike, data kuma ta ƙi tafiya saboda ba a buɗe mata yawon ƙetare ba. Maganin shi ne a kashe zaɓin kai tsaye, a nuna mata kamfaninta da hannu.

Ɓangaren waifai ne ya fi burge ni, domin a nan ake gane wanda ya fahimci abin da wanda ya haddace dannawa kawai. Yawancin waifai ɗin garuruwan nan daga ƙaramar na'urar aljihu mai sim yake fitowa, ko daga wayar wani da ya buɗe wa 'yan uwa. Wato shi ma a kan ƙarfen sabis ya dogara, don haka waya tana iya haɗuwa da shi daram amma babu intanet a bayansa. Gwani yakan bambance abu uku da mai waya ke kira da suna ɗaya: ba ta ganin waifai ɗin sam, tana gani amma ta ƙi haɗuwa, ko ta haɗu amma shafi ba ya buɗewa. Kowanne da inda ake nemansa. Na farko yakan zama na'urar tana watsawa a zangon 5 GHz alhali wayar 2.4 kawai take ji. Na biyu sau da yawa tsohon bayanin da waya ta adana ne ya daina dacewa, sai a sa ta manta da waifai ɗin, a sake shigar da kalmar sirri. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ya sani ba. Daga Android 10, wanda ya fito a 2019, waya tana ɓoye lambarta ta asali ta waifai, wadda ake kira MAC, ta nuna wata ta bogi saboda sirri. Mai shagon da ya saita na'urarsa ta karɓi wayoyin da ya lissafa kawai zai iya ganin ta rufe wa wayarsa ƙofa bayan sabuntawa, don a wajenta baƙuwa ce ta zo. Dannawa biyu ne gyaran, ga wanda ya san da zancen.

Na ukun kuwa, a haɗe amma babu intanet, masu laifinsa sanannu ne. Agogo yana ciki. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma wayar da kwanan watanta ya koma shekarun baya za ta ga takardar ba ta fara aiki ba, ta ƙi buɗewa. Akwai saitin DNS na kashin kai da ya shigo da Android 9, wanda samari ke cusa wa adireshi don toshe talla, ranar da adireshin ya daina amsawa kuma komai ya tsaya. Sai VPN. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 mutane da yawa sun saka shi, wasu kuma don neman intanet na kyauta da ba ya ɗorewa. Irin wannan manhaja idan ta tsufa ba ta jitu da sabon Android ba, sai ta riƙe hanya ta hana kowa wucewa. Don ya kama ta, mai gyara yakan tayar da wayar a yanayin da manhajojinta na asali kawai ke aiki. Intanet ya dawo a nan, to mai laifin cikin waɗanda aka saka daga baya yake.

Duk wannan bai yi ba, akwai maɓallin da ke share saitin waifai da data da Bluetooth gaba ɗaya ba tare da taɓa hoto ko lamba ba. Mai gyara na ƙwarai yakan gaya wa mutum tukuna cewa kalmomin sirrin waifai da ya adana za su tafi.

Fulashin shi ne na ƙarshe, kuma gwani yana gudunsa saboda ya san abin da ke bayansa. Yana share komai: hotunan biki, lambobin abokan ciniki, manhajar banki. WhatsApp zai nemi lambar tabbatarwa ta saƙo, a garin da saƙon zai iya kwana bai iso ba. Waya kan nemi asusun Google da ke kanta a da, alhali mutane da yawa wani yaro ne ya buɗe musu, ba su san kalmar sirrin ba. Mafi muni, yawancin waɗannan wayoyi guntun MediaTek ne a cikinsu, kuma akwai wani ɓangare mai suna NVRAM da ke riƙe da lambar IMEI da bayanan rediyon wayar. Ɗan koyo ya yi kuskuren share shi da manhajar SP Flash Tool, wayar da ta zo da ƙaramar matsalar APN sai ta koma gida ba ta karɓar kowane sim, a jerin waifai kuma ga wani suna na ƙarya mai cewa NVRAM WARNING. Shi ya sa kafin ya taɓa komai gwani yake danna *#06# ya ga ko lambar nan mai alƙaluma 15 tana nan, ya kuma adana kwafin wannan ɓangare. Idan ya tarar IMEI ta ɓace tun kafin a kawo masa, ya san aikin ya girma. Wayar da ke cikin garanti sai ya ce a kai cibiyar gyara ta Carlcare. Wadda yake zargin fanel ɗinta kuma ya tura ta Gusau, ko kasuwar Farm Centre ta Kano inda kayan aiki suka fi yawa. Lambar da zai yarda ya mayar wa waya ita ce wadda ke jikin kwalinta, don ya san wayar sata ma da irin wannan labari ake kawo ta.

Abin takaicin shi ne kasuwa ba ta saka wa wannan haƙuri. Wanda ya gano matsala cikin minti uku, mai waya sai ya ga ai bai yi komai ba, ya miƙa masa kuɗin shan ruwa ko ya ce Allah ya yi albarka. Wanda ya riƙe waya wuni guda ya share ta kaf, shi ake biya da daraja.

A Ƙaura akwai ƙarin wani reshe na aikin, saboda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983. Kwamfutocinsu galibi na hannu ne, tsofaffi, kuma Windows idan ta sabunta kanta takan maye direban katin waifai da wani sabo da bai dace da tsohon kati ba. Alamar waifai sai ta ɓace ɗungurungum. Mai gyara zai fara tabbatar da cewa ba maɓallin jirgi aka danna bisa kuskure ba, sannan ya shiga jerin na'urori ya mayar da direban da ke kai a da. Idan babbar sabuntawa ce, Windows tana ba da kwana 10 a koma wa tsohuwar. Wani lokacin kuma sai an sauko da direba daga intanet, a kwamfutar da ba ta da hanyar shiga intanet. Nan zai ɗauko wayar ɗalibin ya haɗa da kebul ɗin caji, kwamfutar ta ari data daga waya, ya sauko da abin da yake buƙata. Kafin ya miƙa ta, yakan saita waifai ɗin a matsayin mai ƙidayar data, don kada Windows ta sake kwashe kuɗin ɗalibi cikin dare, ya kuma dakatar da sabuntawa na 'yan makonni har a gama jarrabawa.