Lemun Tsamin Da Rana Ke Dafawa

A gidajen Indiya, idan an kawo shinkafa da miyar kori, akwai ɗan abin da ake ɗorawa a gefen faranti, da kyar ya cika cokalin shayi. Shi ne achar na lemun tsami. Lakata ɗaya ta isa ta tayar da loma: tsami, gishiri, yaji, sai ɗan ɗaci can a ƙarshen harshe.

Gwanintar tun daga zaɓen lemu take farawa. Mai haɗawa, galibi uwa ko kaka, nunanne take nema mai siririn ɓawo. Ta wanke, ta goge ɗaya bayan ɗaya, ta shanya har ɗigon ruwa ya kau, domin ruwa shi ke janyo fumfuna, aikin wata guda ya tashi a banza. Sai ta tsaga kowanne huɗu ko takwas, ta cakuɗa da gishiri ba rowa, ta barbaɗa gangamau, ta zuba a tulun tangaran, ta ɗaure bakinsa da ƙyalle, ta kai rana. Kullum sai ta girgiza shi, da yamma ta shigar da shi ɗaki saboda raɓa.

Ba wuta, ba tukunya. Gishirin ne ke tatso ruwan lemun, ɓawon ya kwanta a cikin ruwansa mako uku ko huɗu, ya yi laushi, ɗacinsa ya kwanta. Ran da gefen cokali ya yanka ɓawo ba gardama, ya nuna.

Wajen kayan yaji kuwa ake gane hannu. Jan barkono, 'ya'yan mastad, ɗan hing, wani ƙaro mai ƙarfin wari, sai hulba. Hulbar nan ita ce jarrabawa: a soya ta har ta yi ƙamshi, amma in ta wuce kaɗan, ɗacin da aka yi makonni ana kora ya dawo. A arewacin ƙasar man mastad ake ƙonawa a bar shi ya huce; a kudu man riɗi. Man yakan rufe saman lemun ya tare iska. Wasu ma ba sa sa mai sam.

A jihar Kerala achar ɗin yana da gurbinsa a kan ganyen ayaba a liyafar bikin Onam, mutanen Tamil Nadu kuma da shinkafa da kindirmo suke cinsa. Dokar kowane gida ɗaya ce: ba a tsoma jiƙaƙƙen cokali. Wanda ya shekara yakan yi duhu, kuma tsofaffi shi suke lakato wa mai ɓacin ciki.