Ƙarfen da Ke Fashewa Kamar Tulu

Ranar 16 ga Janairu, 1943, sabon jirgin dakon mai Schenectady yana ɗaure a tashar Portland ta Amurka, ruwa kwance lif, sai aka ji ƙara kamar aradu. Jirgin ya tsage, saura kaɗan ya rabe gida biyu.

Ƙarfe mai kyau idan nauyi ya fi ƙarfinsa lanƙwashewa yake yi, ya ba ka lokacin gudu. Amma akwai sanyin da idan ya ratsa shi, sai ya fashe kamar tulu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ce ta fito da wannan fili, lokacin da jiragen Liberty, waɗanda Amurka ta ƙera 2,710 a Yaƙin Duniya na Biyu, suke ta tsagewa a sanyin Tekun Atilantika. Ta nuna laifin yana cikin ƙarfen kansa. Walda kuma ta ba tsagar hanya: jirgin da aka haɗa da ƙusoshi, tsaga na isa bakin falle ta tsaya, amma na walda jiki ɗaya ne, sai ta zarce har ƙarshe.

Daga nan aka koyi zagaye kusurwar ƙofofin ɗakin kaya, don a kusurwa mai kaifi tsaga ke samun gindin zama. Aka kuma riƙa sanyaya ɗan guntun ƙarfe mai tsagi, a maka masa guduma mai lilo, a ga ko zai jure. Gwajin Charpy ke nan.

Ni dai abin da ya fi burge ni hannun gwanin walda ne. Kafin ya taɓa ƙarfe mai kauri sai ya ɗumama shi, don kada wajen ɗinkin ya huce da gaggawa ya yi taurin banza. Maƙerin da ya taɓa tsoma wuƙa ja-wur cikin ruwa ya san zancen. Shi kuwa gwanin, sandunan waldarsa a akwatin zafi suke kwana, saboda danshi na shigar da haidurojin, wanda kan tsaga ɗinki a ɓoye bayan kwana ɗaya ko biyu, an riga an yi fenti an tafi. Idan ya gama, sai ya lulluɓe wajen ya huce a hankali, ya bi gefen ɗinkin da giranda har ya yi sumul.

Ka tsaya kusa da shi ka gani: ko ƙyasta sanda ba ya yi a jikin aikin. Yana da guntun ƙarfen da ya ajiye a gefe don haka.