Sanin Halin Leda a Rumfar Mai Ɗinkin Kujerar Babur

Ranar Talata, tun kasuwar Talata Mafara ba ta cika ba, babura kan jeru a gaban rumfar mai ɗinkin kujera. Wasu daga Bakura, wasu daga Maradun da ƙauyukan gefen madatsar Bakolori. Rana ta farfasa kujerunsu, soso ya leƙo waje. Abin da za a lulluɓe su da shi ba fata ba ce, leda ce.

Mu kuwa mutanen fata ne. Jar akuyar Sakkwato ce ta ba duniya fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko, don ta can ayari ke fita da ita bayan majema sun jeme ta da bagaruwa. Ita leda a masana'anta ake yin ta: a shimfiɗa yadi, a malala masa robar PVC, a bi da ƙarfe mai zane ya buga mata idon fata. Tun 1926 wani Ba'amurke, Waldo Semon, ya gano yadda ake tausasa wannan roba. Leda ta fi fata araha, ruwa ba ya ratsa ta, amma tana da nata hali, sanin halin nan kuwa shi ne sana'ar.

Da farko maigidan rumfar kan ɓamɓare tsohuwar leda, ya warware ɗinkinta, ya shimfiɗa ta ta zama ma'auni. Kafin ya taɓa alli, sai ya kifa sabuwar, ya ja yadin bayanta tsaye, ya ja kwance. Ta wata fuskar tana miƙewa, ta wata tana turjewa. Duk wanda ya yanka bai gwada haka ba, kujerarsa sai ta tattare. Sannan ya zana, ya bar rarar yatsa biyu, almakashi ya bi layi.

A kan keken ɗinki, yakan buɗe tazarar ɗinki. Ramin allura ba ya rufewa a jikin leda. In ramukan suka matsu, ta nan za ta yage kamar takardar rasit. Saboda haka ba a warwarewa a sake, ɗinki ɗaya ake yi.

Inda soso ya zaizaye, ya yanko sabo, ya shafa gam a fuska biyu, ya dakata har gam ɗin ya daina kama yatsa, sannan ya manna, ya fere da wuƙa. Ya shimfiɗa siririyar farar leda a kai, kada ruwan damina ya bi ta ɗinki ya jiƙa soson.

Daga nan ya shanya sabuwar rigar a rana ta yi laushi. Ya kafe gaba, ya ja baya, ya koma dama da hagu yana ɗamewa da babban yatsa yana bugawa. Da ta huce, sai ta kama jikin kujerar sumul, ba ko tattara ɗaya.

A tsallaken titi akwai samarin da ke kan benci tun hantsi, suna jiran aiki ya zo ya same su. A nan kuwa yaron rumfa ya riƙe gefen leda, idonsa na kan yatsun maigidansa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Iyaye, ku kai yaranku irin waɗannan rumfuna. Muddin babur na bin hanya, mai wannan sana'a ba zai rasa abin kaiwa gida ba.