Sharhin fim: Kyuba ta rayu da rabin mai, mu fa a Sabo?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na rantsuwa, maganar mai ba ta bar bakin kowa ba a unguwar nan. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Mai okada ya ji a jikinsa, tela mai janareta ya ji, mai sayar da ƙanƙara ma ya ji. Shi ya sa wannan karon muka ɗauko wani tsohon fim na abin da ya faru da gaske, mai suna The Power of Community: How Cuba Survived Peak Oil, wanda wata Ba'amurkiya, Faith Morgan, ta shirya a 2006. Bai cika awa guda ba, da Turanci aka yi shi, kuma ana samunsa a YouTube. Tambayar da ya ɗauko ita ce tamu: in mai ya yi wuya, yaya babban birni zai ci, ya je aiki, ya kwana?

Kyuba tsibiri ce kusa da Amurka, mai mutum wajen miliyan 11 a wancan lokaci. Kusan shekara talatin tana sayar wa Tarayyar Sobiyet sukari da tsada, tana karɓar mai da takin zamani da alkama da araha. Da Sobiyet ta wargaje a 1991, sai famfon ya ƙafe. Man da ke shigowa ya ragu da kusan rabi, tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da kimanin kashi 35 cikin ɗari tsakanin 1989 da 1993, Amurka kuma ta ƙara ɗaure takunkuminta a 1992. Tarakta ta tsaya a gona, bas ta tsaya a tasha, wuta ta riƙa ɗaukewa fiye da rabin yini. Gwamnatin Fidel Castro ta sa wa shekarun suna zamani na musamman.

Inda fim ɗin ya ci a yaba masa shi ne wajen nuna yadda ake yin abu, ba surutu kawai ba. Ƙasar cikin birnin Habana ba ta noma ba ce, duk ɓaraguzan gini ne da tsakuwa. To sai suka daina haƙa ƙasa, suka koma gina mata gado: a jera bulo ko duwatsu su yi dogon kwami mai ɗan tudu, a cika shi da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki, a shuka latas da kabeji da tumatir da albasa a kai. Da takin buhu ya gagara, sai suka koma kiwon tana, suna ba ta kashin dabbobi tana mayar da shi baƙin taki mai ƙarfi. A ƙauye aka dawo da shanun huɗa. Aka shigo da kekuna sama da miliyan guda daga ƙasar Sin, likita da malamin jami'a kowa ya hau. Aka ƙera wata doguwar mota da kan tirela ke ja, mai tozo biyu, suna ce mata raƙumi, tana kwasar mutum har wajen 300 a tafi ɗaya. Abin da ya fi burge ni ma shi ne jami'an da aka tsayar a bakin hanya, aikinsu su tare motar gwamnati mai kujera a sake su cika ta da talakawa masu jiran mota. Mai karatu ya kwatanta haka a Mokola da safe, ya ga ko wace jibgegiyar motar ofis ce za ta tsaya.

Amma sunan fim ɗin kansa, wato ƙarfin al'umma, nan ne gardamata ta fara. Masu shirin suna so mu yarda cewa zumunci da haɗin kan maƙwabta ne suka ceci Habana. Ni kuwa abin da na gani a cikin hotunan nasu daban ne. Wa ya ba maƙwabtan nan fili? Hukuma ce ta buɗe kangwaye da filayen da ba a amfani da su ta ce duk mai son noma ya shiga, ba kuɗin haya, muddin abinci zai noma. A 1993 ta rarraba manyan gonakin gwamnati ga ƙungiyoyin manoma. A watan Oktoban 1994 ta yarda a buɗe kasuwannin da manomi zai sayar da rararsa a farashin da ya ga dama, abin da ta haramta a baya. Ƙarƙashin wannan duka kuma akwai katin rabon abinci da kowane gida ke riƙe da shi tun 1962, wanda ko ya yi ƙaranci yana ba da 'yar shinkafa da wake da sukari. Fili, doka, kasuwa, katin rabo. Fim ɗin ya taɓo wasu daga cikinsu, amma ya tattara yabon ya miƙa wa zumunci.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne ga mai kallo irinmu. In zumunci ne, ai ba mu da abin koyo daga Kyuba. Muna da Sarkin Hausawa da fadarsa, muna da masallatai, muna da masu gida da ke sauke baƙo su ci da shi su tsaya masa a kasuwa, muna da adashin mata da gudummawar biki da ta rasuwa. Abin da ba mu da shi shi ne fili. Yawancinmu 'yan haya ne, ɗaki ɗaya mutum biyar, tsakar gidan ma ko shanya ba ta isa. 'Yan'uwanmu masu lambu a bakin rafuka nan Ibadan, da waɗanda ke noman latas da albasa mai ganye a wajajen Ojo a Legas, sun daɗe suna yin abin da fim ɗin ke mamaki, ba tare da kowa ya zo da kyamara ba. Matsalarsu ɗaya ce: ranar da mai fili ya tashi gini, ko hukuma ta zo da katafila, shike nan. Wa zai kashe shekara uku yana gyara ƙasa da taki a wurin da za a iya tashinsa gobe da safe? Manomin Habana ya zuba ƙarfinsa ne don ya san ba mai korarsa.

Abu na biyu, latas ba tuwo ba ne. Fim ɗin ya ce kusan rabin kayan lambun da Habana ke ci a cikin birnin ake noma su. Ko mun karɓi wannan yadda yake, kayan miya ake magana, ba abin da ke riƙe ciki ba. Shinkafa da alkama da man girki da kaza, har gobe mafi yawansu daga waje Kyuba ke sayo su, har da kajin Amurkar da ta sa mata takunkumi. Yunwar ma fim ɗin ya ambace ta, sai dai ya ratsa ta da sauri don ya isa wurin korayen gadaje da fuskoki masu murmushi. Alhali likitoci sun auna cewa baligi ya rasa wajen kilo 5 a matsakaici, kuma tsakanin 1992 da 1993 mutum kusan 50,000 suka kamu da wata cutar jijiya mai taɓa gani, wadda aka danganta da rashin abinci mai gina jiki. Ranar 5 ga Agustan 1994 jama'a suka yi bore a bakin tekun Habana, kuma a wannan shekarar mutum fiye da 30,000 suka faɗa teku a kan katako da tayoyin mota suna neman isa Amurka. Wanda ya ɗora iyalinsa a kan taya ya shiga teku, ba ya cikin waɗanda suka ga zamanin a matsayin darasin zaman lafiya da muhalli.

Kuma me ya fitar da ƙasar daga ramin? An halatta riƙe dala a 1993, an buɗe ƙofa ga 'yan yawon buɗe ido, sannan a shekarar 2000 Hugo Chavez na Benezuwela ya fara turo mai da sauƙin biya. Wato mai ne ya dawo. Da man Benezuwela ya ja baya, wahalar ta sake dawowa, har a watan Oktoban 2024 wuta ta ɗauke a tsibirin gaba ɗaya na kwanaki. Ba laifin fim ɗin 2006 ba ne da bai san 2024 ba, amma mai kallo na yau ya kamata ya sani.

Haka nan hasashen da aka gina fim ɗin a kai, cewa man duniya ya kusa kai ƙololuwa daga nan sai gangara, bai zo yadda suka zata ba. Amurka ta gano dabarar tatso mai daga cikin duwatsu, tun 2018 ita ce kan gaba a haƙo shi a duniya. Sai dai kada wannan ya sa mu saki jiki. Mu a nan man yana ƙarƙashin ƙasarmu, matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumban 2024, amma mai okada yana sayen lita biyu yana lissafi. Ga talaka, mai ba sai ya ƙare a rijiya ba, ya ƙare a aljihu ya isa.

Yanzu ga inda fim ɗin bai san da mu ba sam. Shi yana kallon ɗan birni a matsayin mai ci ne kawai, mafarkinsa kuwa kowane gari ya ci abin da ya noma a gefensa. To mu fa? Mu ne masu kawowa. Tumatir da tattasai da albasa da wake da ke Bodija da Sasa, da shanun da ke kara a Akinyele, duk a bayan tirela suke yin ɗaruruwan kilomitoci daga Arewa, kuma kowace tirela man gas take sha, wanda kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu a 2022 tun kafin a taɓa fetur. Mun ga yadda igiyar nan take da siriri a farkon 2021, bayan rikicin Sasa, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu. Cikin kwanaki kaɗan tumatir ya gagari mai miya a nan, can kuma yana ruɓewa a hannun manomi. Idan mafarkin fim ɗin ya tabbata, kowane gari ya noma nasa, cinikinmu ne zai fara raguwa. Idan kuma bai tabbata ba, gas ya ci gaba da hawa, ribar ce za ta ƙare a tankin mota. Dole mai Sabo ya kalli fim ɗin da wannan a ransa.

Abin lura shi ne Sabo ta girmi tirela. An kafa unguwar nan a 1916, bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kai Kano a 1911. Goro a jirgi yake tafiya Arewa, shanu kuma wasu a jirgi wasu a ƙafa suke gangarowa, jirgin ma gawayin kwal yake ci ba mai ba. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan ya rubuta littafi a kan wannan ciniki, ya fito a 1969. Kakanninmu sun riƙe fataucin nesa ba da man gas ba. Saboda haka ni a ganina raƙumin Habana, wato a kwashi kaya da mutane da yawa da mai kaɗan, ya fi gadon latas kusa da buƙatarmu. A 2016 an gwada ɗauko shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, abin bai ɗore ba. Sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ya tsaya a Moniya, kusa da kara, amma bai haɗe da Arewa ba. Shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa suna yawan zuwa gaban hukuma kan harajin hanya da shingayen karɓar kuɗi, kuma da gaskiyarsu. Ban ga dalilin da zai hana maganar taragon kaya ta shiga cikin takardar ba, tare da maganar a ba masu lambu rubutacciyar yarjejeniya ta shekaru a kan filayen hukuma da ke zaune ba amfani.

Duk da haka a kalli fim ɗin, musamman tsakiyarsa inda ake nuna gina gadaje da haɗa taki. Zai yi kyau matasanmu masu Turanci su zauna da masu lambu su fassara musu wannan ɓangaren, don dabarar gadon bulo za ta yi aiki a kan tsandauri da bayan masallaci da harabar makaranta. Sai dai a tambayi ruwan da za a yi ban-ruwa da shi tukuna. Latas ɗanye ake cinsa, kuma duk wanda ya taɓa leƙa Ogunpa da rani ya san abin da ke gangarawa cikinta.