Awa Biyu Babu Tsallake

Washegarin ƙaramar Sallah ce. Mu huɗu, duk abokan aiki masu kwana a gaban kwamfuta muna rubuta manhaja, muka yi shawarar mu je sinima mu kalli wani sabon fim na Hausa da aka cika gari da tallarsa. Ba za mu kama sunansa ba, domin abin da za mu faɗa a kansa bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Muka yanki tikiti, muka sayi gugguru, aka kashe fitila.

Wajen minti na ashirin aka kawo wata fitowa a falo. Alhaji ya tsayar da mota, ya fito, ya rufe ƙofa, ya taka har bakin falo, ya yi sallama. Hajiya ta amsa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi kasuwa, aka kawo ruwa da lemo, aka zuba, aka sha. Sannan Hajiya ta gyara zama ta shiga ba shi labarin abin da mu 'yan kallo muka gani da idonmu minti biyar da suka wuce. A nan muka lura babban yatsanmu yana motsi shi kaɗai a kan gwiwa, yana laluben gefen allo ya danna sau biyu don ya tsallake daƙiƙa goma. Ɗayanmu har ya ɗan ɗaga hannu kafin ya tuna inda yake. Allon yana can nesa, ya fi bangon ɗaki girma, kuma ba ya jin yatsan kowa. Dole muka zauna har Hajiya ta gama.

Mu da aka haifa wajen 1990 ba mu gaji sinima ba, labarinta muka gada. Kano ta san ta tun 1937 da aka buɗe Rex, daga baya aka samu su Palace da Plaza da Orion da Wapa da Marhaba, yawancinsu babu rufi, sai duhu ya shiga ake haska fim. Kawunnanmu, waɗanda har yau “silima” suke cewa, a can suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Sai dai da murya ƙasa-ƙasa suke ba da wannan labari, kuma ba a gaban Baba ba. Tun gobarar sinimar El Duniya a 1951, wadda ta ci sama da mutum ɗari uku, mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Aka san wurin da 'yan daba da mashaya, macen da aka gani a ƙofarsa kuwa an gama da sunanta. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, tsofaffin gidajen ba su sake komawa yadda suke ba.

Mu kaset muka tarar. A ɗakin maƙwabta muka ga Sangaya da Wasila, yara a ƙasa, manya a kujera, babban yaya riƙe da rimot yana jiran ya ji tarin Baba a zaure ya tura waƙa gaba. Daga nan sai faifan CD, sai shagon masu tura fim a memori, sai YouTube. A duk waɗannan matakai akwai maɓalli a hannun wani, kuma a kowane mataki maɓallin ƙara matsowa yake kusa da mu, har ya zama a ƙarƙashin yatsanmu yake kwana. Shi ya sa da sinima ta dawo Kano cikin manyan kantunan zamani, da sanyin na'ura da kujeru masu laushi, muka shige ta muna manya amma baƙi.

Abu na farko da babban allo ya tona shi ne sauti. A wannan fitowa ta falo, ƙarƙashin muryar Hajiya akwai gurnanin janareto, kuma duk lokacin da kyamara ta koma kan Alhaji sai gurnanin ya sauya murya, alamar ba lokaci ɗaya aka ɗauki su biyun ba. A waya ba za ka taɓa jin wannan ba. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka ita da kanta take share wa mai fim laifinsa. Haka hoto. Yawancinmu muna saukar da ingancin bidiyo zuwa 360 don data ta kai mu ƙarshen wata, kuma kafin bidiyon ya iso gare mu an riga an matse shi, an zubar da duk ƙananan bayanan da ake ganin ido ba zai nema ba. A allon inci shida, fuskar da kyamara ba ta saita daidai ba da wadda ta saita duk ɗaya ne. A sinima kuwa mun ga fitowar da labulen bayan jaruma ya fi idonta fitowa tar. Mun ga hodar da ta tsaya a haɓa ba ta gangara wuya ba. Shekaru muna yaba wa finafinanmu cewa hoto ya gyaru, ashe rabin yabon na wayar ne, ita ke rufa asiri.

Amma sauti da hoto kuɗi da kulawa suna gyara su. Abin da ya fi damunmu shi ne rubutun, domin shi ba kuskure ba ne, tarbiyya ce.

Bayan satar fasaha ta kashe kasuwar CD, masu fim sun koma inda abinci yake. Izzar So ya nuna a 2020 cewa za a iya rayuwa da YouTube, Labarina ya riƙe mutane mako-mako, aka shiga zamanin fim mai dogon zango. Ba mu ga laifin kowa ba, ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada. Sai dai wanda ya san yadda dandalin yake aiki ya san me yake sakawa a kai: bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma yawan mintunan da mutane suka ɓata a kanka yana cikin abin da ke sa a ƙara tura ka gaban wasu. Tsawo ya zama kuɗi. Marubucin da ya shekara biyar ana biyansa don ya ja zare, ba ranar da aka ce masa “wannan na sinima ne” zai koyi yanke shi ba. Shi ya sa abu ɗaya yake faruwa sau uku: a yi shi a gabanmu, a je a gaya wa uwa, uwa ta gaya wa uba.

Za mu yi adalci a nan, domin a waya wannan maimaicin yana da amfani. Yayarmu tana jingina waya da kwanon gishiri ta ci gaba da yanka alayyafo. Mai shago yana kallo yana ba da canji. Ga irin waɗannan, fim rediyo ne mai hoto, kuma Hajiyar da ke maimaita labari taimako take yi musu, ta cike musu abin da ya wuce lokacin da suka juya. A wurin aikinmu za a ce an gina abin daidai da mai amfani da shi. Matsalar ita ce ɗauko wannan gini a kai shi ɗakin da aka kashe fitila, aka karɓi kuɗin mutum, aka ce masa kada ya yi komai sai kallo. Wanda ba shi da alayyafo a gabansa ba ya bukatar a gaya masa abu sau uku.

To me ya sa ba mu tashi mun fita ba? Domin can bayan awa ɗaya fim ɗin ya yi wani abu da ya biya mu kuɗin tikitinmu. An zo an gaya wa wata uwa labari mai nauyi game da ɗanta. Mun shirya jin salati da kururuwa da kiɗan tausayi mai tsinka zuciya, kamar yadda aka saba. Ba a yi ko ɗaya ba. Tana tankaɗe gari aka faɗa mata, ta ɗan tsaya, sai ta ci gaba da tankaɗen, a hankali, idonta a kan rariya. Kyamara ta tsaya a kanta ba ta motsa ba, babu kiɗa, babu magana, kusan rabin minti. Ɗakin nan mai cike da 'yan yawon Sallah ya yi tsit, har ƙarar ledar gugguru ta ɗauke. Can wata mata a bayanmu ta ce “Allah sarki” a hankali, ba da kowa take ba. Mun kalli finafinai masu yawa da suka fi wannan tsada da tsari, amma mun daɗe ba mu ji abu ya tsaya mana a maƙogwaro haka ba, kuma mun tabbata rabin nauyin daga shirun mutanen da ke kewaye da mu ya zo.

A kan mutanen nan muna da saɓani da wasu abokanmu. Akwai masu ƙorafin cewa Bahaushe bai iya kallon sinima ba, yana magana da allo, yana ba jarumi shawara, yana tsinewa mugu. Su so suke a yi shiru irin na ɗakin jarrabawa. Mu ba mu tare da su. Wanda ya amsa waya yana ciniki a tsakiyar fim ya yi laifi, wannan babu musu. Amma saurayin da ya ɗaga murya ya ce “ƙarya yake, wallahi!” lokacin da mugun ke rantsuwa, ɗakin ya fashe da dariya, shi bai ɓata mana kallo ba. Haka muka taso, daga tatsuniya har wasan dambe ba a taɓa sanin ɗan kallo da kame baki ba. Kuma mutanen nan da suka yi ihu su ne dai suka yi tsit gaban mai tankaɗe, ba tare da wani ya ce musu su yi ba.

Har waƙar ma sai da ta ba mu kunya. Mu ne masu yi wa rawa da waƙa dariya a hira, mu ne masu tsallake ta tun kafin a buga ganga ta biyu. Ranar babu hanyar gudu. An riga an saki waƙar makonni kafin fim, 'yan matan layin gaba sun haddace ta, suka ɗauka tare da allo, sautin ya cika ɗaki ta kowane gefe. Muka waiga muka ga wanda ya fi mu zafin suka yana kaɗa ƙafa. Har yanzu muna nan a kan cewa waƙar ba ta ƙara wa labarin komai ba, an dakatar da shi ne kawai minti biyar. Amma mun gane abin da kawunnanmu suke nufi idan suna ba da labarin daren fim ɗin Indiya a Marhaba, mun kuma gane cewa wannan al'ada don taro aka yi ta, mu ne muke yanke mata hukunci daga kan katifa da abin ji a kunne.

Akwai wani ma'auni a ɗakin da muke fata masu fim su riƙa zuwa dubawa. Idan muka gina manhaja, ba ma yarda da yabon abokai, sai mu miƙa ta ga wanda bai san mu ba, mu koma gefe mu ga inda zai rikice. Kujerar ƙarshe a sinima ita ce wannan gefen. Daga can kana ganin lokacin da hasken wayoyi ya fara tashi ɗaya bayan ɗaya kamar taurari, kana ganin lokacin da suka mutu gaba ɗaya. A fitowar falo mun ƙirga haske goma sha ɗaya. A fitowar tankaɗe babu ko ɗaya. YouTube ma yana nuna wa mai tasha inda mutane suka tsallake, amma layi ne a kan jadawali, ba ya hamma a gabanka. Daraktan da ya zauna a baya sau uku ya ji ɗaki guda yana gyara zama saboda gajiya, ba sai wani mai sharhi ya rubuta masa komai ba.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne ɗakunan ba su da yawa, kuma tikitin mutum ɗaya da abin taɓawa ya isa ya sayi datar da gida guda zai kalli finafinai da ita. Tsohon tabon ma bai gama gogewa ba: a cikinmu huɗu, ɗaya ce wa mahaifiyarsa ya yi zai je sayayya, shi da yake da 'ya'ya biyu. Alhali ƙofar da muke so finafinanmu su bi zuwa duniya ta nan ta ratsa. Lokacin da Najeriya ta zaɓi Mai Martaba na Prince Daniel a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar, mun yi murna fim ɗin Hausa ne, amma ƙa'idar wannan rukuni ita ce sai fim ya yi aƙalla kwana bakwai a jere ana haska shi a sinima. Idan babu ɗakin, ko akwai shi amma ba ma zuwa, masu fim za su ci gaba da rubuta wa kwanon gishiri, kuma ba za mu iya cewa sun yi kuskure ba.

Bayan wasu watanni fim ɗin ya iso waya. Muka tura wa wani abokin aikinmu da bai samu zuwa ba, muka ce ya kula da wurin tankaɗe. Da safe muka tambaye shi. Ya ce ai ya ga wurin, hoton ne ya tsaya babu sauti, ya zaci datarsa ce ta ƙare, sai ya danna gaba.