Baɗi War Haka: Nazari a Kan Tashe

Wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, matarsa ta yi yaji ana saura wata biyu azumi, yajin ya zarce ya zama saki. Ran da azumi ya kwana goma, ana shan ruwa ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki buta ya ce a masallaci zai kwana. Kakarmu ta dube shi ta ce, "Ibada ce ko gudun 'yan tashe?" Bai tanka ba, bai kuma tsira ba. Bayan an idar da asham ya lallaɓo ɗaukar bargo, ashe yaran unguwa na laɓe a zaure da gwangwanayensu. Suka yi masa zobe. Da ƙyar ya fanshi kansa da 'yan kwabbai da alkawari guda: "Ku yi haƙuri, baɗi war haka amarya za ku tarar." Da shekara ta zagayo suka dawo, ba su manta ba.

Masu nazarin adabi sun saba ajiye tashe a babin wasan kwaikwayo na gargajiya, kuma sun yi daidai. Muhammad Balarabe Umar ya tattara wasannin a littafinsa Wasannin Tashe, ɗalibai kuwa har yau suna ta rubuta kundaye a kan jigo da saƙo. Ni abu biyu ne suka fi jan hankalina, waɗanda ake yawan tsallakewa: wane ne ke riƙe da abin kiɗan, kuma lissafin me ake yi a ƙofar gidan mutane cikin dare.

A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce, yawanci ta gado, kamar ƙira da jima da wanzanci. Tambari da kakaki da algaita na fada ne. Kalangu na mahauta ne tun asali, gangar noma ta manoma. Kowace ganga da gidanta da ubangidanta. David Ames da Anthony King, da suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, kusan duk abin kiɗan da suka kawo sai da suka haɗa shi da ajin mutanen da ake kaɗa wa. Abin da babu gurbinsa sosai a wannan tsari shi ne magidanci mai sana'arsa, tela ko malamin makaranta, da zai dawo gida da yamma ya jawo garaya ya kaɗa don jin daɗin ransa kawai. In ya yi, gobe za a ce ɗan wane ya zama maroƙi, kuma maganar za ta iya kai wa gidan surukansa. Mamman Shata kansa, da ya rasu a 1999 duniya na sara masa, bai gaji waƙa ba, kuma sananne ne cewa mahaifinsa bai so ya yi ta ba. Mata sun fi samun sauƙi. Suna da shantu a ɗaki, suna da kiɗan ƙwarya ranar biki ko suna, inda babu mai cewa uwargida ta zubar da girma don ta karɓi amshi. Daga wannan tsakar gidan Barmani Choge ta fito. Namiji kuwa, in ya wuce shekarun dandali, ƙofa ta rufe.

Tashe ne ke buɗe ta, na 'yan kwanaki. Ɗan liman da ɗan sarkin fawa da ɗan mai unguwa duk tawaga guda, suna kiɗa suna waƙa gida-gida, iyayensu na dariya. Ka dubi kayan kiɗan ka ga dabarar. Gwangwanin madara da aka zuba wa tsakuwa, tsohon kwano, galan, bakin tulu. 'Yan mata su kife ƙwarya a kan ruwa cikin babbar roba su riƙa bugu da kara ko ludayi, sautin ya fito da kauri kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Za a ce talauci ne ya sa, yara ba su da kuɗin ganga. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Wanda ya rataya kalangu ya shiga gonar wasu, wanda ya bugi gwangwani kuwa wasa yake yi. Abin da ake ba su ma, gero ne ko dawa ko 'yan kuɗi, sadaka ake kiransa, ba kyautar maroƙi ba. Ba sa wasa kowa, ba sa jero asalin maigida. Ga kuma ɓad da kama: gemun auduga da aka manna da ƙaro, fuska shafe da gawayi, matashin kai a cusa cikin riga ya zama tumbi. Duk shingaye ne da al'umma ta kafa don ɗanta ya ɗanɗani kiɗa ba tare da sunan ya bi shi ba.

Sai batun lissafi. Bahaushe ya raba azumi uku: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Sallah. A ta tsakiya tashe ke farawa, lokacin da jiki ya soma nauyi, kuma sunan kansa daga tashi ya fito, tayar da mutane sahur. Wasannin kuwa, in ka jera su, ɗaiɗai suke bin mutanen gari. Mairama da Daudu na duba zaman miji da mata, yarinya guda ta yi shigar maza da babbar riga tana ja mata a ƙasa. Jatau Mai Magani na kwaikwayon boka da jerin saiwoyinsa. Tsoho da Gemu na tambayar yadda ake riƙon tsofaffi. Akwai wanda ake tuhumar malam da cewa an gan shi yana rawa, yana musu yana musu har ƙafarsa ta tona masa asiri. Amma uban su duka tashen gwauro ne. A Kano har sarauta gare shi, Nalako, sarkin gwagware, mai yawo da igiya da tawagarsa yana farautar mazan da suka shiga azumi babu mata a ɗaki. Gwauro, ga wanda bai bambance ba, shi ne wanda ya taɓa aure ya rabu, tuzuru kuwa bai taɓa yi ba, ko da yake yara ba su cika tsayawa tantancewa ba.

Mutanenmu ba su saba zama da takarda da biro su rubuta burin shekara ba. Da baki ake faɗa, a gaban mutane, a rufe da "in Allah ya kai mu". Zan yi aure, zan rufe ɗakin nan da kwano, zan sauke Alƙur'ani. Mai maganar yana iya mantawa, shaidu ba sa mantawa. Tashen gwauro shi ne ranar da unguwa ke karanto wa mutum alkawarin bara, da kiɗa, a bakin yaran da ba za ka iya yin fushi da su ba. Tsokana ce, amma mai aiki: ana ganin auren da ake ɗaurawa bayan Sallah.

Ba zan ce lissafin adalci ne ba. Igiyar Nalako wuyan talaka ta fi samu. Ba ta tambayar nawa akwatin lefe ya kai bana, ko nawa ake biyan hayar ɗaki da falo. Mai hali da ya saki mata uku cikin shekara biyu, muddin akwai ta huɗu a ɗaki, barcinsa yake sha. Macukule kuma, da ake kwaikwayon Bagwari ana dariya, wasan barkwanci ne a wurinmu, amma ban tabbata dariyar tana kai wa ɗaya ɓangaren da daɗi ba.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: tashe ba shi da kaka ko damina tasa. Kalankuwa tana jiran amfanin gona ya shigo gida. Tashe wata yake bi, watan azumi kuwa yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, sai ya yi wajen shekara 33 kafin ya zagayo inda ya faro. Wanda ya yi tashensa cikin hunturu, rumbuna cike, buhu yake komawa da shi gida. Wanda nasa ya faɗo a tsakiyar damina, abinci ya yi ƙasa, ga ruwan sama na wanke masa gemu, labarinsa daban. Shi ya sa in tsofaffi biyu na gardamar ko tashen da ya fi albarka, ni shekarar haihuwarsu nake fara tambaya.

Yanzu in an ce kiɗan Sallah, hankali na tafiya ga wasan da ake sayen tikiti a shiga: dandamali, manyan lasifikoki, mawaƙin da aka ɗauko daga Kano ko Kaduna, sau da yawa yana bin waƙarsa da aka riga aka naɗa a situdiyo, jama'a a ƙasa kowa ya ɗaga waya. Ba na kushe shi. Fiyano da kwamfuta sun yi abin da tashe bai iya ba, sun ba wanda bai gaji kiɗa ba hanyar zama mawaƙi duk shekara, kuma da yawa cikin taurarin yau ba 'ya'yan makaɗa ba ne. Sai dai wanda ya shiga situdiyo sana'a yake nema. A wasan Sallah akwai mai yi, akwai mai kallo. A tashe matar gida ce ke karɓar amshi daga bakin murhu, don ita ma ta yi shi tana yarinya. A 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha sanar da dakatar da tashe saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan daba. Dalilin na gaske ne, duk wanda ya ratsa lungu da dare ya sani. Amma 'yan daba ba su rasa wata mafakar ba, yaron da gwangwani ne kaɗai abin kiɗan da za a taɓa barinsa ya riƙe, shi ne ya yi asara.

Kawun nan nawa sai a shekara ta uku ya cika alkawari. Yaran suka zo duk da haka, wai sun zo ganin amarya. Ya fito zaure yana murmushi, ya saurara kaɗan, sai ya ce wa mai riƙe da galan, "Kai, ɓata kiɗan nan kake yi, kawo." Ya tsuguna ya matse galan tsakanin gwiwoyinsa, ya sake shi da yatsu da tafin hannu har mata suka fara leƙowa ta katanga. Shekarunsa arba'in da wani abu, ban taɓa ganin ya bugi ko faranti ba. Kakarmu na daga ciki ta ɗaga murya: "A dai yi a hankali, surukai na jin ku."