Goma Aka Warkar: Gyara ga Wa'azinmu a kan Luka 17:11-19

Sau da yawa idan muka yi wa'azi a kan kutare goma, sai mu mai da nassin darasin godiya kaɗai. Mu yabi Basamariyen da ya komo, mu tsawata wa taran nan. Darasin gaskiya ne, domin Ubangiji da kansa ya tambayi inda suke. Amma mukan tsallake abin da ya fi nauyi ga mai hidima: Yesu ya warkar da su duka goma tun kafin kowa ya komo, bai kuma janye warkarwar daga waɗanda suka wuce abinsu ba. Jinƙansa bai zo da sharaɗi ba.

Wannan ya shafi tarihinmu. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato. Marasa lafiya da yawa sun sha magani, suka koma garuruwansu suna Musulmi kamar yadda suka zo. In da ƙidayar masu tuba ce ma'auninmu, da sai mu ce yawancin wahalar ta tafi a banza. Luka 17 bai yarda da wannan lissafi ba.

Yau gwajin yana ƙofarmu. Mai bishara a Tambuwal zai iya tarar da iyalin da suka gudo daga wani ƙauyen Kebbe saboda 'yan bindiga, ba hatsi, ba dabba, ba wurin kwana. Kusan dukansu Musulmi ne, ikilisiyar kuwa ƙarama ce, baitulmalinta bai taka kara ya karya ba. Jaraba biyu ke jiransa: ya ce a fara da 'yan'uwa masu bi sannan a rufe ƙofa, ko ya ba da mudun gero yana jiran a biya shi da zuwa sujada. Ta biyun ta fi haɗari, gama tana kama da bishara, alhali tarko ce. Mai jin yunwa yakan gane ƙugiya a cikin tuwo, kuma sunan Almasihu ne ke ɓaci.

Ba muna cewa a ɓoye bangaskiya ba. In an tambaye mu dalili, mu faɗa a fili. Amma kafin mu sake hawa bagade da wannan nassi, bari kowannenmu ya tambayi kansa: da na san tara ba za su komo ba, zan ba goman duka?